Gizo a Damargu: Yadda Labari Ke Rainon Tunanin Yaro da Abotarsa

Wanda ya bar birnin Damagaram ya miƙi hanyar Agadas, kafin ya kai Tanut sai ya ratsa ƙasar Ollelewa. Nan ne kudancin Damargu, yankin da ya ƙunshi Tanut da Belbeji, ƙasar gero da rijiyoyi masu zurfi, inda ayarin raƙuman Abzin suka daɗe suna sauka su ɗauki hatsi su koma arewa. Hausawa da Dagirawa da Buzaye da Fulani duk suna shan ruwan rijiya ɗaya. Tun 2011 matatar man fetur ta SORAZ ke aiki a cikin gundumar Ollelewa, fitilunta na haska dare daga nesa. Amma a ƙauyuka da yawa na kewaye, farin wata ne har yanzu ke yanke wa yara tsawon hira.

Lokacin tatsuniya shi ne bayan kaka. An yanke gero, an ɗaure dammuna, an cika rumbu, maza da yawa sun tafi cin rani Najeriya ko Libiya ko Aljeriya. Gida ya rage daga mata sai tsofaffi sai yara. Bayan sallar lisha, an suɗe kwanon tuwo, sai a ga yara suna tururuwa zuwa ɗakin wata tsohuwa, nata jikokin da na maƙwabta. Ba ta yarda nan take. Sai an roƙa.

"Kaka, ki yi mana ta Gizo."

"Kai maigidana, yau ko cefane ba ka kawo ba, za ka ce in yi maka gatana?"

Dariya ta ɓarke, jikan ya sunkuyar da kai, ita kuma ta gyara zama ta ce ga ta nan ga ta nan ku. Yara su amsa gaba ɗaya, ta zo mu ji ta. In ba su amsa ba, labari ba ya tashi. Tun daga nan ana gane cewa aikin na taro ne. In an zo wurin waƙa su ne 'yan amshi. In tsohuwa ta tsallake wani wuri, akwai yarinyar da za ta ce, "A'a Kaka, ai ba ta gamu da kura ba tukuna." In barci ya fara ɗibar wani, na kusa da shi ya zungure shi don kada ya rasa inda Gizo zai sha kashi.

Ana gaya wa yara cewa mai yin tatsuniya da rana ɓacewa yake yi. Dalilin a fili yake: rana ta aiki ce, ta kiwo da ɗiban ruwa da surfe. Wata masaniyar halayyar al'umma daga Amurka, Polly Wiessner, ta wallafa bincike a 2014 kan mutanen Ju/'hoansi na hamadar Kalahari, inda ta kwatanta hirarsu ta rana da ta bakin wuta. Da rana, mafi yawan magana kan abinci ne da dukiya da ƙorafi, labari bai wuce kashi 6 cikin 100 ba. Da dare kuwa ya kai kashi 81. Tsakanin Kalahari da Damargu akwai dubban kilomita, amma rabon da suka yi wa rana da dare iri ɗaya ne.

Abin da ke sa tatsuniya ta gina tunani shi ne ba ta zuwa da hoto. A ɗauki ta Ruwan Bagaja, wadda kusan kowane Bahaushe ya ji tun yana ƙarami. An tura 'yar bora ta je ta wanko ƙirgi a wani ruwa da ba wanda ya san inda yake. Ta wuce kogi bayan kogi tana tambaya, har ta isa wani gida inda ta tarar da cinya da kare suna zaune kamar masu gida. Yaron Ollelewa bai taɓa ganin kogi mai gudu shekara da shekara ba, abin da ya sani tabki ne na damina da ke ƙafewa kafin bazara. Cinya mai zaman kanta kuwa ba wanda ya taɓa gani. Dole shi zai ƙera su a ransa, ya ba kogin faɗi da launi, ya ba cinyar yadda za ta motsa. Yara goma a kan tabarma ɗaya, koguna goma ne daban-daban. Kuma yana yin wani aikin da ya fi wannan wuya: yana shiga zuciyar yarinyar, yana jin tsoronta, yana auna ko shi ne zai iya gaida cinya da ladabi ba tare da ya yi dariya ba. Da 'yar mowa ta biyo sawu da rashin kunya ta kwaso abin da ta kwaso, ba sai an yi masa wa'azi ba.

Gizo ya fi wannan zurfi. Maƙaryaci ne, mai haɗama, mai cin amanar matarsa Ƙoƙi, ga tsamin baki da yara ke son kwaikwayo. Duk da haka suna ƙaunarsa. Don yaro ya ji daɗin labarin Gizo, sai ya riƙe abu biyu a kai lokaci guda: abin da Gizo ya sani, da abin da kura ko giwa take zato. Wannan iya karanta zuciyar wani shi ne tushen zama da mutane, kuma a nan ake fara koyonsa, cikin dariya.

Kafin tatsuniya ko bayanta akan yi kacici-kacici. Ɗaya ya ce ƙulin ƙulifita, a ce gauta. Shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, a ce tsintsiya. Wanda ya kasa, sai a ce ya ba da gari kafin a faɗa masa amsa. Ya ce na ba ka Tanut, mai tambaya ya yatsine fuska ya ce ya yi kaɗan. Na ba ka Damagaram. Na ba ka Agadas. Na ba ka Kano, har a kai Makka. Yaron da bai taɓa wuce kasuwar Bakin Birji ba, ga shi yana ciniki da birane, yana jera su bisa girma da nisa. Taswirarsa ta farko ke nan, kuma abokansa ne suka zana masa ita.

Kashegari labarin ya fita daga hannun tsohuwa. A bakin rijiya, ko a bayan gari wajen kiwon awaki, yaran na maimaita shi a tsakaninsu, suna gardama kan yadda aka ce, suna laƙaba wa juna sunaye daga cikinsa. Mai yawan ci ya zama Kura, mai wayo ya zama Dila, kuma sunan kan bi mutum har furfura. A irin wannan wuri ne ɗan Bafulatani ke kawo nasa labarin, ɗan Buzu ya kawo na raƙumi da aljanun hamada, a yi musaya da Hausa, wadda ita ce harshen kasuwa da rijiya. Wasan barkwanci tsakanin ƙabilu, wanda UNESCO ta sanya cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014, shi ma da gajerun labarai yake rayuwa: abin da Bafulatani ya yi da ya shiga gari, abin da Babarbare ya yi da ya ga saniya. Yaro na haddace su tun kafin ya san amfaninsu, ranar da rikici ya taso a bakin gona sai su zama abin kashe wuta.

Bincike ya ƙarfafa wannan. A 2017 Daniel Smith da abokan aikinsa suka wallafa abin da suka gani wurin mutanen Agta na ƙasar Filifin. Zangon da ya fi yawan gwanayen labari ya fi haɗin kai da rabon abinci. Da aka tambayi mutane wa suke so su zauna da shi, gwanin labari ya sha gaban gwanin farauta.

Jihar Damagaram tana da nata shaida, kuma mutum ne da tarihi ya san sunansa. An haifi Dorugu wajen 1840 a Dambanas, kusa da Kance. Yana yaro mahara suka kama shi, aka sayar da shi bawa, har ya tsinci kansa a Kukawa ta Barno. A daidai wannan zamani ne Turawa uku, Heinrich Barth da Adolf Overweg da James Richardson, suka keto hamada suka sauka Damargu, inda suka rabu a watan Janairun 1851, kowa ya kama hanyarsa. Overweg ne ya 'yanta Dorugu tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya rasu a 1852, yaran biyu suka bi Barth zuwa Tumbutu, suka dawo, suka haye hamada da teku tare, suka isa Ingila a 1855.

Dorugu ya rasa uwa da uba da gari. Abin da ba a iya ƙwace masa ba shi ne abin da ya ji da dare a gida. A Ingila ya zauna da wani malamin mishan, James Frederick Schön, yana ba shi tatsuniyoyi da labarin rayuwarsa da Hausa, shi kuma yana rubutawa. Daga nan aka sami babban kaso na littafin Magana Hausa na 1885, ɗaya daga cikin littattafan Hausa na farko da aka buga da boko. Abin lura shi ne yadda yaron ya kalli Ingila: da idon mai ba da labari, yana lura da yadda Turawa suke cin abinci da yadda suke sa tufafi, ba tare da ya raina kansa ba. Abbega ya koma Afirka ya zama sarkin Lokoja. Dorugu ya ƙare rayuwarsa a Kano, inda ya rasu a 1912.

Bayansa aka ci gaba da kwashe labaran baka zuwa takarda. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i 3 tsakanin 1911 da 1913. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ta fito da Abubakar Imam, wanda ya ari sunan Ruwan Bagaja ya yi wa littafinsa. Sai Magana Jari Ce, daga 1937, wanda ginshiƙinsa ma abota ce: Musa ɗan sarki yana so ya bi Mahmudu fagen yaƙi, aku kuwa yana tsare shi da labari dare bayan dare. A Nijar, Boubou Hama ya tattara tatsuniyoyi da almarar ƙasar cikin juzu'ai da dama a shekarun 1970, sai dai da Faransanci.

Karatun littafi a ƙasar Hausa bai raba yara da juna ba, domin littafin bai taɓa wadata ba. Kwafi ɗaya kan zaga unguwa har bangonsa ya cire. Wanda ya iya karatu ya karanta da ƙarfi, saura su kewaye shi, kamar dai a ɗakin tsohuwa. Haka littattafan soyayya na Kano, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da na Balaraba Ramat Yakubu, suka riƙa tsallaka iyaka cikin kayan fatake, ƙawa ta ara wa ƙawa, a yi kwana da kwanaki ana muhawara kan wanda ya kyauta da wanda bai kyauta ba. Makarantar allo ma tana da nata rabo: bayan an wanke allo, ƙissar Annabi Yusuf da 'yan'uwansa ta koya wa almajirai da yawa ma'anar hassada da yafiya tun kafin su iya fassara aya ɗaya.

Inda gizo ke saƙar shi ne lakwal, wato makarantar boko. Yaron da ya zo aji da tatsuniya ashirin a kansa, ranar farko malami ya tarbe shi da Faransanci, harshen da ba a yi masa ko gatana ɗaya da shi ba. Yana iya shekara uku yana haɗa baƙaƙe bai taɓa jin daɗin abin da ya karanta ba, kuma wanda bai ɗanɗani daɗin karatu ba, da wuya ya nemi littafi da kansa. Manyan Nijar da suka iya karatu da rubutu ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, a karkara abin ya fi haka muni, musamman ga mata. Ba yau aka gane matsalar ba: tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Shekara hamsin bayan haka, irin waɗannan makarantu ba su game ƙasa ba. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Mataki ne babba, amma ba zai taɓa rayuwar yarinyar Ollelewa ba sai ranar da littafin labari da harshenta ya shiga hannunta.

Salula kuma ta riga littafin isowa. Da ƙaramin faifan hasken rana ake cajin waya, a loda mata finafinan Kano da na Indiya masu fassarar Hausa, yara su taru kai da kai a kan allo ɗaya. Taron yana nan, dariyar tana nan, kuma ba adalci ba ne a ce babu alheri a ciki. Abin da ya ragu shi ne aikin da yaro ke yi da kansa: kogin an riga an nuna masa, ba a jiran amshinsa, ba ya iya tsayar da fim ya ce an tsallake wuri. Amma wayar nan tana ɗaukar murya. Malamin lakwal ko ɗalibin sakandare da ya zo hutu zai iya zama da tsofaffin unguwarsu ya naɗi tatsuniyoyinsu, na Hausa da na Dagiranci da na Tamashek da na Fulatanci, ya rubuta su a littafin rubutu, 'yan aji uku su karanta wa 'yan aji ɗaya. Schön da Dorugu da alƙalami da takarda kawai suka yi nasu, kuma tsofaffin da suka san waɗannan labarai a Ollelewa da Tanut da Belbeji suna nan da ransu, ana iya samunsu kowane dare bayan lisha.