Wasan Ƙwallon Dawaki da Shingen Matsayi a Ƙasar Hausa: Nazari daga Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin dalilan da suka sa ƙwallon dawaki, wato folo, ya kasance wasan tsirarun mutane a ƙasar da doki ya daɗe da zama ɗan gida. An ɗauki yankin noman rani na Kura da Bunkure a Jihar Kano a matsayin misali. Maƙalar ta nuna cewa shingen launin fata da ya kewaye wasan a zamanin mulkin mallaka ya rushe, amma na asali da na kuɗi da na fili suna nan daram, kuma su ne suke raba ɗan manomi da wasan ko da ya ƙware a hawa.

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka, idan ana muhawara kan wasannin masu hali, kamar golf da tanis da wasannin dawaki, launin fata ne yakan fara zuwa bakin masu magana. A ƙasar Hausa lamarin ya sha bamban, domin mai doki da mai yi masa hidima duk baƙaƙen fata ne, galibi harshensu ɗaya, addininsu ɗaya. Duk da haka, wanda ya halarci gasa a filin folo na Kano ko Katsina ko Kaduna zai ga rabuwa a sarari: wasu suna kan sirdi, wasu suna riƙe da linzami a bakin fili, sauran jama'a kuma suna kallo daga bayan shinge. Tambayar da wannan maƙala take son amsawa ita ce: me yake yanke wa mutum wurin da zai tsaya a cikin waɗannan rukunoni uku?

2.0 Shigowar Wasan da Batun Launin Fata

Folon zamani ya samo asali ne daga yankin Manifur na arewa maso gabashin Indiya, inda hafsoshin Ingila suka tarar da mutanen ƙasar suna buga shi a kan ƙananan dawakinsu. Sun kafa ƙungiya a Kalkata a 1862, daga nan wasan ya bi sawun sojan daular Ingila har ya iso Nijeriya, inda aka kafa ƙungiyar Legas a 1904. A wancan lokaci kulob-kulob na Turawa ba wurin shigar baƙar fata ba ne, sai fa in ya zo a matsayin ma'aikaci. Wariyar ta daɗe, domin har a 1947 an hana Ivor Cummings, jami'in Ofishin Mulkin Mallaka na Landan, ɗaki a otal ɗin Bristol da ke Legas saboda launinsa, abin da ya tilasta wa gwamnati haramta irin wannan wariya a wuraren jama'a.

A Arewa, ƙofar ta buɗe da wuri, amma ta gidan sarauta. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya ga wasan a Ingila a farkon shekarun 1920, ya dawo ya kafa shi a Katsina tare da 'ya'yansa da fadawansa. Ɗansa, Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya kai mataki na 7 a ma'aunin ƙwarewa na wasan, ma'aunin da yake farawa daga ƙasa da sifili da biyu ya tsaya a 10. Wannan mataki ne da 'yan wasa ƙalilan suke kaiwa a duniya. Daga gidan nan Janar Hassan Usman Katsina da Sarki Muhammadu Kabir Usman suka gaji sandar.

Abin lura shi ne tsarin mulkin Turawa a Arewa ya ginu ne bisa ƙawance da sarakuna, filin folo kuwa ya zama dandalin da razdan da hafsan soja da ɗan sarki suke haɗuwa a matsayin abokan wasa. Ke nan wanda ya fara tsallake shingen launin fata ya tsallake ne da tsanin sarauta. Bayan samun 'yancin kai a 1960, manyan sojoji da manyan ma'aikata da attajirai, har da Kwarorin Kano, suka maye gurbin Turawa. Launin mahayan ya sauya, ajinsu bai sauya ba.

3.0 Doki da Matsayi a Al'adar Bahaushe

Tun kafin zuwan folo, doki alamar iko ce a ƙasar Hausa. Da shi ake yaƙi, da shi ake hawan salla, kuma ana auna girman basarake da cikar bargarsa. Wadatar kalmomin da Hausa take da su na launi da ƙirar doki, irin su akawal da kili da danda da hurde da ingarma da ƙuru, shaida ce ta tsohuwar shaƙuwa. Makaɗan fada ma ba su bar shi a baya ba, kamar yadda Ibrahim Narambaɗa ya keɓe waƙa sukutum ga Dokin Iska Ɗanfilinge.

Sai dai tun a wancan zamani an bambanta mallakar doki da sanin doki. A fadar Kano, Shamaki, wanda yake cikin manyan bayin sarki, shi ne mai kula da barga, kamar yadda Sean Stilwell ya bayyana a littafinsa na 2004 kan bayin sarkin Kano. Masu yankan ciyawa da masu kilisa da masu ɗaura sirdi sun fi kowa sanin halin dokin, amma ba nasu ba ne. A maƙalarsa ta 1959 kan tsarin matsayi a tsakanin Hausawa, M. G. Smith ya nuna yadda sana'ar gado take ɗora mutum a wani mataki tun daga haihuwa. Wasanni ma sun bi wannan tsari: dambe ya zama gadon mahauta, kokawa da langa na samarin karkara, sukuwa kuma ta masu sarauta da masu dukiya. Da folo ya zo, ya tarar da gurbinsa a shirye.

Wannan ya yi daidai da ra'in masanin zamantakewa na Faransa, Pierre Bourdieu, wanda ya nuna a 1979 cewa zaɓin wasa ba sha'awa ce kawai ba. Yana bin jarin da mutum ya mallaka: na kuɗi, na tarbiyyar gida, da na sanayya.

4.0 Lissafin Tsadar Wasan

Ana buga folo tsakanin ƙungiyoyi biyu, kowace da mahaya huɗu. Ana raba wasan zango-zango, kowane zango na kimanin minti bakwai, kuma akan yi zango huɗu zuwa shida. Saboda tsananin gudu da birki da juyi, ba a barin doki ya yi zango biyu a jere ba tare da hutu ba. Don haka ɗan wasa yana bukatar dawaki biyu a ƙalla, a manyan gasa kuwa, irin ta Kofin Georgian a Kaduna, mahayi guda yakan zo da shida ko fiye.

Sayen dokin ma somin-taɓi ne. Doki yana cin kimanin kashi biyu cikin ɗari na nauyinsa a kullum. Wanda ya kai kilo 400 zai ci kusan kilo 8 na harawa da hatsi da dusa a rana, wato kusan tan uku a shekara. Mai dawaki huɗu yana bukatar kusan tan 12, ko an yi gasa ko ba a yi ba. A kan wannan akwai kanwa da magani da riga-kafi da albashin masu kula da barga da kuɗin ƙungiya da hayar motar da za ta kai dawakin gasa daga gari zuwa gari. Sirdi da sanduna da hular kwano da takalma galibi daga waje ake shigo da su.

Akwai kuma matakai a cikin dawakin kansu. Na gida sun fi araha da juriya, na Sudan da Chadi sun fi su tsada, na Ajantina kuwa, waɗanda ake cin manyan kofuna da su, da dala ake sayensu, ga shi ba su da juriyar cututtukan dawaki na wannan yanki. Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya sun ƙara wa kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa tsada, alhali mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne a wata tun daga 2024.

5.0 Halin da Ake Ciki a Kura da Bunkure

Kura tana kimanin kilomita 30 kudu da birnin Kano a kan hanyar Zariya, ta kuma yi suna a sana'ar rini tun kafin zuwan Turawa. Bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da aka fara a zamanin Gwamna Audu Bako, sai yankin Kura da Bunkure da Garun Malam ya zama cibiyar shirin noman rani na Kogin Kano, wanda Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are take kula da shi. Ana noman shinkafa da damina, da rani kuma alkama da tumatir da albasa da masara. Wanda ya ga wannan albarka zai zaci a nan ne ya fi sauƙin riƙe doki, tunda ga ruwa, ga ciyawa, ga dusa. Abubuwa uku ne suka hana hakan.

Na farko shi ne fili. Filin folo yana da tsawon yadi 300 da faɗin yadi 160, wato kimanin hekta huɗu, kuma dole ya zama shimfiɗaɗɗe, ba kunya ba magudanar ruwa. A yankin da manoma da yawa ba su mallaki hekta guda ba, fili ɗaya na wasa daidai yake da abincin gidaje da dama. Ƙasar da ta fi dacewa da wasan ita ce ta fi daraja ga manomi.

Na biyu shi ne lokaci. A inda ake noman damina kaɗai, kaka ce lokacin wasanni: an kawar da amfanin gona, gonaki sun zama filaye, samari sun samu sarari, sai a kafa dandalin dambe da kokawa, masu dawaki su yi sukuwa. Noman rani ya cinye wannan sarari, domin ana girbe shinkafa ake shirin dashen tumatir. Ƙasa ba ta hutawa, matashi ma haka, yana tsakanin ban-ruwa da tsinkar tumatir da injin casar shinkafa da lodin kwanduna a Kwanar Gafan. Folo kuwa yana bukatar atisaye na shekaru tun daga ƙuruciya.

Na uku shi ne rabon arzikin kansa. Binciken da Tina Wallace ta yi kan shirin a ƙarshen shekarun 1970 ya nuna yadda tsadar taki da iri da hayar tarakta da ƙwadago ta sa ƙananan manoma suke ba da hayar gonakinsu ga masu hali. Wanda bai iya ɗaukar nauyin gonarsa ba, ina zai iya ɗaukar nauyin barga? Ko wanda ya samu rara, hankali zai ba shi ya sayi shanun kiwo ko injin ban-ruwa ko babur, domin su suna kawo kuɗi, dokin folo kuwa ci kawai yake yi.

Wannan ba ya nufin karkara ba ta da hannu a wasan. Harawar wake da ta gyaɗa da hatsin da bargunan birni suke ci daga gonakin ƙauye suke fitowa, haka ma yawancin samarin da suke wanke dawakin, su yi musu kilisa, su hora su. Mahayan karkara suna cikin tawagar hakimai a hawan salla na Kano, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a watan Disambar 2024. Gwanintar hawa tana nan, abin da babu shi ne mallaka.

6.0 Ƙofar Barga da Iyakarta

Hanya ɗaya da ɗan talaka yake bi ya shiga wasan ita ce ta barga. Yaro yakan fara da shara da ba da ruwa, ya kai ga kilisa, ya koyi riƙe sanda, wata rana maigida ya rasa mahayi ya ce ya cike gurbi. Ta haka aka samu ƙwararrun 'yan wasa a Nijeriya da Ajantina. Amma tsarin wasan na ubangida ne: attajiri shi ke da dawaki, shi ke biyan ƙwararru, sunan ƙungiyarsa ake rubutawa a kofi. Ranar da aka ɓata, ko rauni ya samu mahayin, sai ya sauka ba doki ba fansho. Idan aka kwatanta da ƙwallon ƙafa, inda yaro yake farawa da ƙwallon tsumma a lungu har ya kai ga Kano Pillars, za a ga tazarar da ke tsakani.

Akwai darasi a wani shiri mai suna Work to Ride da Lezlie Hiner ta kafa a birnin Filadalfiya na Amurka a 1994. Yaran unguwannin talakawa suna aikin barga, a ba su horon hawa kyauta, bisa sharaɗin su riƙe karatunsu. A 2011 ƙungiyarsu, wadda duk 'yan wasanta baƙaƙen fata ne, ta ci gasar folo ta makarantun sakandare ta ƙasar, karo na farko a tarihi. Bambancin wannan da tsarin ubangida shi ne dawakin na cibiya ne, don haka makomar yaro ba ta rataya a kan fara'ar mutum ɗaya ba.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa a ƙasar Hausa bambancin da ke cikin wasannin masu hali ya tashi daga na launin fata ya koma na asali da dukiya da fili da lokaci, kuma yankin Kura da Bunkure ya nuna cewa yalwar amfanin gona kaɗai ba ta rushe shi. Idan ana son faɗaɗa wasan, akwai matakai masu yiwuwa: ƙungiyoyin folo su ware gasa ta dawakin gida zalla, a ƙarfafa nau'in wasan da ake bugawa a ƙaramin fili da mahaya uku-uku, a kafa barga ta haɗin gwiwa a makarantun da suke da fili, a kuma rubuta yarjejeniyar aiki ga masu kula da dawaki. Ga masu nazarin Hausa kuwa, akwai fagen da yake jiran bincike: kalmomin barga, da kirarin dawaki, da tarihin baka na mahayan da suka hora dawakin da aka ci kofuna da su. A tattara waɗannan tun masu su suna raye.