Fitila ta ɗauke, gilas ya maƙale: yadda ake gano matsalar BCM kafin a hau hanyar Birnin Gwari

Tsakanin Kaduna da Birnin Gwari akwai tafiyar kimanin kilomita 120, ta Buruku da Udawa, kuma mafi yawanta daji ne. Shekaru da dama direbobin wannan hanya sun yi suna lissafin tafiyarsu da agogo saboda 'yan bindiga: a fita da hantsi, a isa kafin rana ta yi sanyi. Tun bayan sulhun ƙarshen 2024, lokacin da Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanun garin, motoci sun ƙaru a kan titin. Duk da haka babu direban da ke son motarsa ta tsaya masa a gefen dajin Kamuku da magariba, ba fitila, ba sabis ɗin kiran waya.

Abin da ke jawo irin wannan tsayuwa ba kullum ne inji ba. A motocin da aka ƙera daga wajen shekarar 2000 zuwa yau, akwai wani ɗan akwati da bai fi tafin hannu biyu ba, wanda idan ya rikice sai mota ta koma kamar mai aljanu. Sunansa BCM.

Masu gyara sukan kira duk wata kwamfutar mota da suna ɗaya, burenbos, amma ba guda ɗaya ba ce. Akwai ta inji, mai lura da mai da wuta. Akwai ta giya, akwai ta birki. Ita BCM aikinta jikin mota: fitilun gaba da na baya, sigina, waifa, hon, gilasan ƙofa, kulle ƙofofi da rimot, kuma a wasu motocin har da tantance makulli kafin inji ya tashi. A tsohuwar Golf 3 ko J5, maɓallin fitila waya ce kai tsaye zuwa ƙwan fitila. A sabuwar mota, maɓallin saƙo kawai yake aikawa, BCM ce ke yanke hukuncin ba da wuta. Kowane kamfani da sunan da ya sa mata: Peugeot na cewa BSI, Honda MICU, Mercedes SAM, Renault UCH. Galibi tana ƙarƙashin dashbod, manne da akwatin fiyus ko kusa da shi.

Alamar da ta fi nuna ta ita ce abubuwa da yawa marasa alaƙa su lalace lokaci guda. Waifa ta tashi da kanta, ƙofofi su kulle su buɗe, sigina ta ƙi, fitilar ciki ta ƙi mutuwa, batir ya kwana lafiya ya wayi gari a mace. Abu ɗaya tak idan ya mutu, misali gilashin ƙofa guda, kusan kullum laifin fiyus ne ko maɓalli ko wayar da ta karye a maƙogwaron ƙofa.

Sai dai a nan ne kuɗi ke zubewa. BCM na cikin kayan da aka fi ɗora wa laifin da ba nasu ba, domin raunin batir da tsatsar wayar at, wato wadda ke ɗaure da ƙarfen jikin mota, suna kawo irin waɗannan alamu sak. Shi ya sa mai wayarin da ya san aikinsa mita yake fara ɗauka. Batir mai lafiya yana nuna kusan bolt 12.6 idan mota a kashe take, idan inji na aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.7. Abin da ya haura 15 yana nufin oltaneta na tura wuta fiye da kima, kuma sabuwar BCM ma ba za ta daɗe ba a wannan hali. Bayan nan sai fiyus ɗaya bayan ɗaya, sannan a kwance wayoyin at a goge su har ƙarfe ya yi haske. Titin da ramuka suka cinye yana sassauta ƙusoshi da soket, ƙurar hunturu ta shiga, damina ta zo ta mayar da ita laka. Motar da ke dakon masara daga ƙauyukan yankin kuma tana da wani abokin gaba: ɓeraye, masu bin hatsi su ƙare da cin rigar waya.

Daga nan ne wayar hannu ke shigowa. Ƙarƙashin sitiyari akwai soket mai ramuka 16 da ake kira OBD-II, wanda Amurka ta wajabta wa motocinta tun 1996, Turai kuma ta bi baya a 2001 ga masu shan fetur. Ana cusa masa ɗan na'ura mai Bluetooth, a buɗe manhaja kamar Torque ko Car Scanner, mota ta faɗi abin da ke damunta da lambobi. Harafin farko na lambar shi ne jagora: P na inji da giya ne, C na birki da ƙafafu, B na jikin mota, U kuma na sadarwa tsakanin kwamfutocin. Lamba U0140 na nufin sauran kwamfutoci sun daina jin muryar BCM.

Akwai tarko a nan da matasa da yawa ke faɗawa. Ƙaramar na'urar nan mai araha, ELM327, yawanci lambobin inji kaɗai take karantowa. Sai manhaja ta nuna babu matsala alhali ba ta ma leƙa sashen jikin mota ba. Ana buƙatar na'urar da ke shiga dukkan sassa, irin na Launch, Autel ko Thinkdiag. Kuma yawancinsu sai sun sauke fayil ɗin kamfanin motar daga intanet, don haka a sauke tun a cikin gari. Mutanen Birnin Gwari ba su manta ƙarshen 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a yankin na kusan wata biyu.

Ko U0140 ɗin ma ba hukuncin kisa ba ne. Kwamfutar da ba ta samun wuta shiru za ta yi, ko da lafiyarta ƙalau. Sai a cire soket ɗinta a auna: wuta na isowa? At na kamawa? Sannan a duba layin da kwamfutocin ke magana ta kansa, CAN, fasahar da Bosch ya fito da ita a 1986. Idan aka cire kan batir aka auna tsakanin rami na 6 da na 14 a soket ɗin OBD, ya kamata mita ta nuna kusan om 60. Idan ta nuna 120, layin ya yanke a wani wuri ko ɗaya daga cikin kwamfutocin da ke rufe bakinsa ta fita daga layi. Kusa da sifili kuwa wayoyin biyu ne suka haɗe.

Gwajin da ya fi gamsarwa shi ne kallon bayanai kai tsaye a fuskar waya. A danna maɓallin fitila. Idan manhaja ta nuna BCM ta ga an danna, wuta da at ɗinta lafiya, waya zuwa fitilar lafiya, amma ba ta fitar da komai ba, to laifin ya tabbata a kanta. Ga mai fama da mutuwar batir, ana saka mita tsakanin batir da wayarsa, a rufe komai a jira kamar rabin awa mota ta yi barci. Abin da take ja bai kamata ya wuce miliyamfa 50 ba. Idan ya wuce, kafin a zargi BCM a fara cire tiraka da ƙararrawar ɓarayi da ƙarin fitilun da aka ɗaura daga baya, domin sau da yawa an yanka wayoyinta ne aka jona su.

Ba kasafai take mutuwa haka kawai ba. Ruwa ne kan gaba: gilashin gaba mai yoyo, magudanar da ganye ya toshe, ko wankin ciki da tiyo. Kore-koren tsatsa a bakin soket shi ne shaida. Sai ɗabi'un gareji: cire kan batir inji na aiki don a gwada caji, jona batir a juye, yin walda ba a cire batir ba, da ɗaura zaren waya a madadin fiyus da ya ƙone. Wannan na ƙarshe ya fi kowanne muni, domin fiyus ɗin ya ƙone ne don kada kwamfutar ta ƙone.

Idan canji ya zama dole, mafi yawan masu mota a yankin Panteka suke nufa a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, su sayo ta hannu. Kamannin akwati ba hujja ba ne. Lambar da ke jikin takardarsa ce za ta dace da tsohuwar, harafi da harafi, don haka a ɗauki hotonta a tura wa mai kaya ta WhatsApp kafin a biya kuɗin mota, a kuma yi sharaɗin mayarwa idan ba ta yi ba.

Ɗaurawar kanta ba ta da wuya: a cire batir, a zare soket, a sauya. A Peugeot ana kashe komai a jira kamar minti uku kafin a taɓa batir, don BSI ta gama rufe kanta. Wahalar tana zuwa ne bayan haka. A motoci irin su 307 da 407, BSI da kwamfutar inji da makulli suna da lambar sirri guda da suka yarda da ita, idan aka kawo baƙuwa inji zai yi ta juyawa ba zai tashi ba. Mafita biyu ce: ko a sayo ukun tare daga mota ɗaya, ko a kai wa mai na'urar da zai kwafe bayanan tsohuwar zuwa sabuwar. Saboda haka ba a jefar da tsohuwar, ko da ta jiƙe, domin sau da yawa ɗan guntun da ke riƙe da bayanan yana nan da ransa. Wasu motocin kuma sai an rubuta wa sabuwar lambar shasi an sake koya mata makullai, kuma duk makullin da ba a kawo wurin ba a ranar zai iya daina aiki.

Bayan an gama, a goge lambobin matsala, a gwada kowace fitila da ƙofa da waifa, a bar motar ta kwana a sake auna batir da safe. Idan ruwa ne ya kashe ta farko, a watsa ruwa a gilashin gaba a leƙa ƙarƙashin dashbod da tocila kafin a ɗauki fasinja zuwa Kaduna.