Damuwar Da Ta Ƙi Tafiya, Da Maganin Da Ake Yi Da Baki

Akwai masu ciwon da suka gaji da zarya tsakanin kemis da asibiti. Kai na sarawa, wuya ya ƙage, zuciya na dukan uku-uku, barci ya ƙaura. An auna jini ba maleriya, ba taifot. Idan aka zauna da mutum aka tona, sai a tarar bashi ne ya yi masa katutu, ko albashin da ba ya kai tsakiyar wata, ko rikicin gida, ko fargabar 'yan bindiga da ta raba shi da gonarsa.

Ciwon nan na gaske ne, ba raki ba. Duk sa'ad da mutum ya hango haɗari, ƙwaƙwalwa kan aika saƙo ga wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda, su kuwa su saki sinadaran adrenalin da kotisol. Nan take bugun zuciya ya ƙaru, sukari ya hau cikin jini, jiki ya ɗaura ɗamarar gudu ko faɗa. An yi wannan shiri ne don ɗan lokaci. Matsalar ita ce idan ya zama kamar janareton da aka tayar aka manta ba a kashe ba, wata da watanni. Tun a 1936 wani masani, Hans Selye, ya nuna yadda matsi mai tsawo ke lalata jikin ɓerayen gwaji. Yau an san doguwar damuwa na da hannu a hawan jini da ciwon zuciya, tana kuma raunana garkuwar jiki.

Abin da muka iya faɗa wa irin wannan mutum shi ne, “A yi haƙuri.” Haƙuri abu ne mai daraja, addu'a kuma makamin mumini ce, amma wanda ya kwana uku bai runtsa ba yana bukatar a nuna masa yadda zai yi, ba a tuna masa kawai ba.

Nan ne maganin tattaunawa da gwani ya shigo. Wanda ya fi shahara ya samo asali daga aikin wani likitan ƙwaƙwalwa na Amurka, Aaron Beck, a shekarun 1960. Beck ya lura marasa lafiyarsa na da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu ba sallama: “Na shiga uku, ba ni da amfani, komai zai lalace.” Sai ya riƙa koya musu su kama tunanin, su tambaye shi hujja. Ɗan kasuwar da jarinsa ya karye zai rubuta abin da ke ransa da tsakar dare, da safe shi da gwanin su duba: wane ɓangare ne gaskiya, wane ne tsoro ya ƙara wa gishiri? Gwanin ba zai biya masa bashin ba. Zai dai taimaka masa ya raba abin da ke hannunsa da wanda ya fi ƙarfinsa, ya zaɓi mataki ɗaya da zai iya ɗauka a wannan makon, ya dawo ya ba da labari. Ana kuma koyar da jan numfashi a hankali, da gyara lokacin kwanciya, da komawa cikin mutane, domin mai damuwa yakan janye jiki, kaɗaicin kuwa ya ƙara masa nauyi.

Za a ce ina gwanayen? Tambaya ce mai kyau. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200, kuma asibitoci irin na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano, mutane na kallonsu a matsayin wurin masu taɓin hankali kaɗai. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, amma doka ba ta haifar da ma'aikata.

Abin da ya fi burge ni shi ne an riga an gwada wata hanya a Afirka. A birnin Harare na Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da dattawan mata, suna zama a kan benci a harabar ƙananan asibitoci, suna sauraron mutane tare da bi da su matakan warware matsala cikin zama shida. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da tsari mai kama da wannan, na zama biyar, wanda aka gwada a Fakistan da Kenya da ma'aikatan da ba likitoci ba. Ban ga abin da zai hana a horar da ungozoma, da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi, da malaman Islamiyya a kan haka ba, muddin akwai mai sa musu ido, kuma sun iya riƙe sirri.

Sai dai benci na da iyaka. Wanda ya fara tunanin kashe kansa, ko ya daina cin abinci, ko ya koma ga tiramol da kodin don ya samu barci, a kai shi wurin likita a ranar, kuma wani ɗan'uwa ya raka shi.