Karatu a ƙasar Japan: abin da wani ɗalibin Sahel ya gani, da abin da ƴan Gidimuni za su iya ɗauka

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Tun zamanin kakanni, ɗan Damagaram yakan ɗauki allonsa ya nufi gabas, ko Kano, ko Barno, domin neman karatu. Bayan samun ƴancin kai a shekarar 1960, yaran lakwal suka riƙa zuwa Dakar da Abijan da Faransa. To amma akwai wata ƙasa can mafitar rana wadda ba a cika jin labarinta a ƙauyuka ba, ita ce Japan. Tsakaninta da Nijar akwai bambancin awa 8: lokacin da manomin Gidimuni yake fita garka da sassafe, mutanen Tokiyo sun riga sun ci abincin rana.

Ko da yake ƙasar tana da nisa, hulɗarta da Nijar ba sabuwa ba ce. A shekarar 1974 aka kafa kamfanin COMINAK mai haƙar uraniyom a Akuta, kusa da Arlit, kuma wani kamfanin Japan mai suna OURD ya riƙe kashi 25 cikin 100 na jarinsa. An rufe wannan mahaƙa ran 31 ga watan Maris na 2021. Ta fannin karatu kuwa, tun 1954 gwamnatin Japan take ba ɗaliban ƙasashen waje bursi. A shekarar 2013, a taron Japan da ƙasashen Afirka da aka yi a birnin Yokohama, ta yi alkawarin karɓar matasan Afirka 1000 cikin shekara 5, su yi karatun digiri na biyu, su kuma koyi aiki a kamfanoninta. Saboda haka ya kamata iyaye da ma'aikatan hukuma su san irin zaman da ɗalibi yake tararwa a can.

Daga Bamako zuwa Kiyoto

Cikin ƴan Afirka ta Yamma da suka yi karatu a Japan, ba wanda labarinsa ya bazu kamar Oussouby Sacko, mutumin Mali. An haife shi a Bamako a 1966. Da ya gama lise, sai ya samu bursin gwamnati ya tafi ƙasar Sin a 1985, inda ya karanta ilimin tsara gine-gine. A 1991 ya ƙetara zuwa Japan. Ya fara da koyon harshe a Osaka, sa'an nan ya shiga jami'ar Kiyoto, tsohon birnin da sarakunan Japan suka zauna sama da shekara 1000. Binciken da ya yi na digirin dakta a kan gidajen Bamako ne, irin waɗanda iyalai da yawa suke tarayya a tsakar gida ɗaya.

A 2001 ya fara koyarwa a jami'ar Kiyoto Seika, wadda ta yi suna wajen koyar da zane-zanen labari. Daga watan Afrilu na 2018 zuwa watan Maris na 2022 shi ne shugabanta, kuma shi ne haifaffen Afirka na farko da ya shugabanci wata jami'a a Japan. Ya sha ba da labarin zamansa cikin littattafai da hirarraki, ya yabi abin yabo, ya kuma soki abin suka ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Harshe da rubutu

Katangar farko da ɗalibi yake cin karo da ita, ita ce rubutu. Wanda ya sauke karatun yaƙi da jahilci ya san cewa da baƙaƙe da wasula ƙasa da 40 yana iya rubuta duk abin da bakinsa ya faɗa da Hausa. Japanawa kuwa rubutu iri uku suke haɗawa cikin layi guda. Biyu daga ciki, hiragana da katakana, kowanne yana da alamu 46. Na ukun, kanji, daga Sin aka aro shi, kuma jerin da hukuma ta tsayar a 2010 domin amfanin yau da kullum ya ƙunshi alamu 2136. Mutum yana iya zuwa da difilom a hannu, ya tsinci kansa bai iya karanta takardar kuɗin wuta ba. Nan ne mai ilimi yake ɗanɗana abin da wanda bai yi karatu ba yake sha kullum a bakin ofis.

Duk da wannan wahala, da wuya a samu Bajapane wanda bai iya karatu ba. Dalili kuwa, tun kafin zuwan lakwal irin ta Turawa, suna da ƙananan makarantun unguwa da ake kira terakoya, inda ƴaƴan talakawa suke koyon karatu da rubutu da lissafi cikin harshensu, kusan kamar yadda makarantar allo take a zaure. A 1872 hukuma ta kafa dokar ilimi ta ƙasa baki ɗaya. Yau karatun dole shekara 9 ne, kuma har jami'a da harshen ƙasa ake yawancin koyarwa.

Maganar da ba a faɗa ba

Abin da ya fi ɗaure wa Malam Sacko kai ba rubutu ba ne, hali ne. Ya ba da labarin cewa lokacin da yake zaune a wata unguwa ta Kiyoto, yakan tara abokai a gidansa, a ci a sha a yi hira, yadda aka saba a Bamako. Maƙwabta sukan gamu da shi su ce gidansa akwai raha, abin sha'awa. Shi kuwa ya ɗauka yabo ne, sai ya ƙara ƙaimi. Ana nan sai ga ƴan sanda a ƙofar gida, wai an kai ƙarar ana damun unguwa da hayaniya. Ashe abin da ya ɗauka yabo, gargaɗi ne aka naɗe cikin ladabi.

Japanawa suna kiran wannan ɗabi'a karatun iska, wato mutum ya gane nufin ɗan'uwansa ba sai an furta ba. Bahaushe ba zai rasa gane wannan ba, domin shi ma ya san kunya da kara da kawaici, ya kuma san habaici. Bambancin shi ne, a ƙasar Hausa in baƙo bai gane habaici ba, akwai mai masauki ko mai unguwa da zai ja shi gefe ya fahimtar da shi. A babban birnin Japan sau da yawa babu wannan mai shiga tsakani. Shi ya sa Malam Sacko ya riƙa jan hankalin Japanawa cewa, in suna son zama da baƙi, to su buɗe baki su faɗi abin da ke ransu, kada su jira baƙo ya karanta iskar da ba a haife shi cikinta ba.

Akwai kuma abin da ya burge shi. A tsofaffin unguwannin Kiyoto, mutane sukan share ƙofar gida su yayyafa ruwa domin kwantar da ƙura da rage zafi. Da yake mai binciken gine-gine ne, sai ya bi ya auna iyakar inda ruwan kowane gida yake kaiwa, ya ga cewa daga yadda yayyafin wannan gida yake haɗuwa da na wancan ana iya gane yadda maƙwabtakarsu take. Matar da take share ƙofar gidanta a Birni ko a Zango, ta ɗan ƙara da ta maƙwabciyarta, ta san wannan ilimi ba tare da ta je jami'a ba.

Ci da sha, masauki da ibada

Ɗalibi Musulmi sai ya yi hattara da abinci, domin naman alade da giyar shinkafa suna shiga miya da kayan gwangwani da yawa, kuma bayanin abin da ke ciki da kanji ake rubuta shi. Shinkafa da kifi su ne cimar ƙasa, har ana cin kifin ɗanye. Gero da dawa na tuwo da fura kuwa sai dai a mafarki. Masallatai sun ƙaru a shekarun nan, mafi daɗewa shi ne na Kobe wanda aka buɗe a 1935, sai babban masallacin Tokiyo da aka sake ginawa a 2000. Amma ba a jin kiran salla a titi, kuma ranar Juma'a ranar aiki ce, azumi ma ba ya rage wa kowa awa ko ɗaya.

Samun ɗaki wani aiki ne. Mai gida yakan nemi wanda zai tsaya wa ɗan haya, wasu kuma sukan karɓi kuɗin godiya wanda ba a mayarwa. Ɗakin ƙarami ne, ba a shiga da takalmi. Shara sai an rarraba ta: mai ƙonuwa daban, kwalba daban, gwangwani daban, kowace da ranar fitar da ita. Doka ta yarda ɗalibin waje ya yi aikin neman kuɗi awa 28 a mako lokacin karatu in ya samu izini. Ga sanyin hunturu mai ƙanƙara, ga girgizar ƙasa: wadda ta auka wa Kobe ran 17 ga watan Janairu na 1995 ta kashe mutum fiye da 6000.

Abin da kowane baƙo yake yabawa shi ne kiyaye lokaci da kula da kayan jama'a. Jirgin ƙasa in ya makara da ƴan mintoci sai an ba fasinja haƙuri. Yaran lakwal su suke share azuzuwansu tare da malamansu. Jakar kuɗi in ta faɗi a hanya, galibi a ofishin ƴan sanda ake samunta. Amma abin da yake ci wa ɗan Sahel rai shi ne kaɗaici. Ba a faɗa wa mutum gida ba sanarwa, ba a doguwar gaisuwa, ba dandalin hira da dare. Ƙasar tana da mutum kimanin miliyan 124, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu sun haura shekara 65, kuma tsofaffi da yawa su kaɗai suke kwana su tashi.

Ina ruwan Gidimuni da wannan labari?

Gidimuni tana kan hanyar Damagaram zuwa Gure. Arzikinta tafkinta ne da garake masu dabino da rake da rogo da kayan miya, waɗanda suke ciyar da iyalai rani da damina. A 2019 aka sanya wannan tafki cikin jerin wuraren ruwa masu daraja na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Sai dai rairayi yana matsowa, mutane da dabbobi suna ƙaruwa, ruwa kuma ba ya ƙaruwa.

Japan ma tana da tudun rairayi, a Tottori, bakin teku, mai tsawon kilomita 16. Manoman wurin sun tsayar da rairayin da shingen itatuwa, suka kawo ban ruwa na feshi, har suna noma wata irin ƙaramar albasa da doya a kansa. A 1990 jami'ar Tottori ta kafa cibiyar binciken ƙasashe masu ƙarancin ruwa, wadda take karɓar ɗalibai daga Afirka. Ɗan Gidimuni da zai je can zai samu abin koyo game da auna ruwan ƙarƙashin ƙasa, da tattalinsa, da hana gishiri cin gona. Amma fa ya tuna, ruwan saman da Tottori take samu a shekara ya kusa milimita 2000, na Damagaram kuwa bai cika wuce 500 ba. Dabarar da ta ci a can, sai an gwada ta a nan tare da manoma kafin a ce ta ci.

Ilimin kuma ba hanya ɗaya yake bi ba. Wani malamin jami'ar Kiyoto, Shuichi Oyama, ya shafe shekaru yana zama da manoman wani ƙauye kusa da Dogon Dutsi. A wurinsu ya ga yadda ake zuba sharar gida a kan ƙasar da ta mutu: shara ta tare rairayi da irin ciyawa, gara ta shigo ta huda ƙasa, ruwa ya samu wurin shiga, wuri ya sake yin kore. Daga nan ya gina bincikensa na farfaɗo da ƙasa da sharar birni. Ke nan Bajapane ya zo ya yi karatu wurin Bahaushe. Wannan ya isa ya nuna wa ɗalibin da zai tafi cewa ba hannu wofi yake tafiya ba.

Wa zai komo gida?

Nan ne maganar take da nauyi. Malam Sacko ya tafi da bursin Mali, amma a Japan ya yi aikinsa, har ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar a 2002, ko da yake bai yanke hulɗa da ƙasar haihuwarsa ba. Ba shi kaɗai ba ne: ɗalibai da yawa in sun gama, sukan duba gida su ga ba wurin aiki, ba kayan bincike, sai su zauna inda suke. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Amma gida ma sai ya tanadi wurin da mai komowa zai sa ƙafa.

Saboda haka aikin na kowa ne. Ma'aikatan ilimi su isar da sanarwar bursi har cikin gundumomi da wuri, kada ta tsaya a Yamai. Wanda aka zaɓa ya ɗauki fannin da garinsu yake bukata, kamar ruwa da noma da kiwon lafiya, ya kuma tafi da tambayoyin manoman garinsu a rubuce. Hukumomin jaha su shirya masa wurin aiki tun kafin ya komo. Iyaye kuwa, musamman waɗanda suka yi karatun manya suka san daɗinsa, su bar yara maza da mata a lakwal har su kai inda ake zaɓe, domin ba a ba da bursi ga wanda aka cire daga aji.

Allah ya ba ɗalibai sa'a, ya komo da su gida lafiya da ilimi mai amfani.