Ranar tafiya: Abin da mai jakar goyo ke fuskanta daga ƙofar gida zuwa cikin jirgi

Zauren tashin jiragen ƙasashen waje a filin jirgin saman Nnamdi Azikiwe da ke Abuja wuri ne da ke tara matafiya iri-iri. Akwai ’yan kasuwa da manyan akwatunansu da aka naɗe da leda, akwai ɗalibai da iyaye suka rako, akwai ayarin masu zuwa Umara. A cikinsu kuma akan hango wani da ba ya tura amalanke, ba ya neman ɗan dako, duk abin da ya mallaka na tafiyar yana cikin jaka ɗaya da ya goya a bayansa.

Irin wannan matafiyi yawon buɗe ido ya fito da ɗan guzurin da ya tara. Yana kwana a masauki mai araha, yana hawa motar haya da jirgin ƙasa, yana cin abin da mutanen gari ke ci. Salon ya yi suna ne a shekarun 1960 da 1970, lokacin da matasan Turai ke bi ta ƙasa daga Landan zuwa Indiya da Nefal, kafin juyin juya halin Iran da mamayar da Tarayyar Sobiyet ta yi wa Afganistan a 1979 su toshe hanyar. A 1973 ne Tony da Maureen Wheeler suka kafa kamfanin Lonely Planet, wanda littattafansa suka zama jagorar irin waɗannan matafiya.

Ga Bahaushe, tafiya da kaya kaɗan ba baƙon abu ba ce. Kakanninsa sun yi fatauci zuwa Gwanja, sun kuma taka zuwa Makka ta Chadi da Sudan, wasu su shekara da shekaru a hanya. Abin da ya sauya shi ne, tafiyar da a da ake auna ta da watanni yanzu ta dunƙule cikin yini guda, kuma kuskuren minti goma a wannan yinin yana iya cinye kuɗin da aka yi shekara ana tarawa.

Takardu kafin tufafi

Mai jakar goyo daga Jamus ko Kanada yana iya sayen tikitin zuwa kawai, ya ce sai ya isa zai yanke shawarar inda zai nufa. Mai fasfon Najeriya ba shi da wannan gatan. A ƙasashen ECOWAS yana da damar zaman kwana 90 ba tare da biza ba, bisa yarjejeniyar 1979, amma da zarar ya nufi Turai ko Amurka ko yawancin ƙasashen Asiya, takarda ce ke gaba.

Saboda haka ranar tafiya tana farawa ne tun daren jajibirinta, da shimfiɗa takardu a duba su ɗaya bayan ɗaya. Ƙasashe da dama ba sa karɓar fasfon da ya rage ƙasa da wata shida ya ƙare aiki. Sai biza, da tikitin dawowa ko na wucewa gaba, da shaidar masauki, da shaidar cewa mutum yana da abin da zai ci. Masu neman bizar ƙasashen Shengen dole ne su mallaki inshorar lafiya da ba ta gaza ta Yuro 30,000 ba.

Akwai kuma katin nan mai ruwan ɗorawa na shaidar rigakafin cutar shawara, wanda sashen kula da lafiya na tashoshin shiga ƙasa ke bayarwa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, sai dai katin ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar. Wanda ya bari sai ana jibi zai tashi sannan ya je a yi masa, ya makara.

Tarkon da ya fi kama masu neman tikiti mai araha shi ne na yada zango. Tikiti mafi sauƙin kuɗi galibi yakan bi ta wani birni a canza jirgi. ’Yan Najeriya na cikin waɗanda ake buƙatar su mallaki bizar wucewa ko da ba za su fita daga filin jirgi ba a ƙasashen Shengen da Birtaniya, in ban da masu riƙe da wasu takardu na musamman, kamar ingantacciyar bizar Amurka ko Kanada. Wanda ya sayi tikiti ta Farankifot ko Faris bai bincika wannan ba, a Abuja za a tsayar da shi. Kamfanin jirgi ba zai ɗauke shi ba, domin kamfanin ne ake ci tara, kuma shi zai dawo da fasinjan da aka ƙi karɓa.

Jaka ɗaya, dokoki da yawa

Amfanin jakar goyo shi ne mutum ya shiga da ita cikin jirgi, ba jiran kaya, ba fargabar ɓacewarsu. Amma hakan na da sharuɗɗa. Yawancin kamfanoni suna ƙayyade kayan hannu a kilo 7 ko 8, da tsawon da bai wuce santimita 55 ba. Jakar da ta haura haka sai ta bi ɗakin kaya, wani lokaci da ƙarin kuɗi.

Duk wani abu mai ruwa, turare ne ko man shafawa ko man goge baki, kada mazubinsa ya wuce mililita 100. Wannan doka ta samo asali ne daga makircin da aka bankaɗo a Birtaniya a watan Agustan 2006, na tarwatsa jirage da sinadarai masu ruwa. Kwalbar turare mai tsada da ta wuce wannan ma’auni a wurin bincike za ta tsaya. Haka almakashi da wuƙa da reza. Shi kuwa batirin ajiyar caji akasin haka ne: ba a yarda a sa shi a ɗakin kaya ba, sai a hannu, saboda batirin litiyom yana iya kamawa da wuta, kuma a cikin fasinjoji ne ma’aikata za su iya ganin hayaƙin su kashe ta.

Tsarabar gida ma tana da nata hukuncin. Tarayyar Turai da Birtaniya sun haramta wa matafiya daga Najeriya shiga da nama da madara da dangoginsu, don haka kilishi da dambun nama da man shanu ba su da wurin zama a jakar. Saudiyya ba ta yarda da goro ba, abin da Hukumar Alhazai ke nanata wa maniyyata kowace shekara. Magunguna irin su Tramadol da masu ɗauke da kodin suna iya kai mutum kurkuku a ƙasashen Larabawa, saboda haka mai shan magani bisa umarnin likita ya riƙe takardar likitan, ya kuma bar maganin cikin kwalinsa. Kuɗin da ya haura Dala 10,000 kuwa wajibi ne a bayyana shi ga jami’an kwastam.

Hanyar filin jirgi

Daga tsakiyar birnin Abuja zuwa filin jirgi tafiyar kusan kilomita 40 ce a kan babban titin Umaru Musa ’Yar’aduwa. Idan hanya ta buɗe ba ta kai awa guda ba. Sai dai da yawa daga jiragen ƙasashen waje da dare suke tashi, wanda ke nufin matafiyi zai fito ne daidai lokacin da ma’aikata ke tururuwar komawa Lugbe da unguwannin da ke bayanta. Haɗari ɗaya a kan titin, ko ruwan sama mai ƙarfi, ko tsayar da motoci don wucewar ayarin wani babba, ya isa ya rikita lissafi. Mai fitowa daga Nyanya ko Mararaba sai ya fara ratsa birnin kafin ma ya hau titin.

Akwai jirgin ƙasa na cikin birni da ke zuwa filin jirgin ta tashar Idu. An ƙaddamar da shi a watan Yulin 2018, ya tsaya a 2020 lokacin annobar korona, sannan aka sake buɗe shi a watan Mayun 2024. Ga mai jaka ɗaya hanya ce mai sauƙi da araha, musamman wanda ya taso daga Rigasa a jirgin Kaduna ya sauka a Idu. Amma zirga-zirgarsa a ƙayyade take, sai an duba jadawali tun da wuri.

Wanda zai taso daga Kano ko Sakkwato ko Maiduguri a jirgin cikin gida don ya riski na waje a rana ɗaya yana wasa da wuta, musamman a lokacin hunturu da hazo ke hana jirage tashi da sauka. Idan tikitin biyu ba a haɗe suke ba, jinkirin na farko bai shafi kamfani na biyu ba. Kwana ɗaya a gidan ɗan’uwa a Abuja ya fi sayen sabon tikiti sauƙi. Filin jirgin kansa titin sauka da tashi ɗaya yake amfani da shi, shi ya sa a 2017, da aka rufe shi mako shida don gyara, aka karkatar da jirage zuwa Kaduna.

Ƙa’idar da kamfanoni ke bayarwa ita ce a iso awa uku kafin tashi. Galibi ana rufe teburin tantance fasinjoji saura awa guda. Lokacin da ke rubuce a tikiti na tashin jirgi ne, ba na isowar fasinja ba.

Daga tebur zuwa tebur

A sabon ginin jiragen ƙasashen waje da aka buɗe a watan Disambar 2018, matafiyi zai ratsa hannun hukumomi da dama: jami’an tsaron filin jirgi, da kwastam, da hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da jami’an lafiya, da na shige da fice. Kowa da abin da yake nema.

Matashin da ya ce yawon buɗe ido zai je, da jaka ɗaya, yakan sha tambayoyi fiye da ɗan kasuwa. Ina za ka? Wurin wa? Me kake yi a gida? Yaushe za ka dawo? Dalili shi ne, da wannan sunan masu safarar mutane ke fitar da matasa, kuma da shi wasu ke fakewa su tafi ci-rani ba su dawo ba. Maganin tambaya amsa ce gajera, ta gaskiya, wadda ta dace da abin da ke cikin takardu. Yana da kyau a buga muhimman takardun a riƙe a hannu, domin waya tana iya mutuwa ko intanet ya yanke a daidai lokacin da ake buƙatarsu.

Babban haɗarin wannan zaure shi ne kayan wani. Mai jaka ɗaya yana da ragowar kilo da bai yi amfani da su ba, kuma akwai masu lura da hakan. Sai wani ya matso da fara’a da sallama, ya roƙi a taimaka a riƙe masa ɗan saƙo. Kunya da kara suna sa mutum ya karɓa, amma a gaban doka wanda aka samu kaya da sunansa shi ne mai su.

Wani lokaci ma ba a neman izinin mutum. A watan Disambar 2018 hukumomin Saudiyya sun kama wata ɗaliba da ta tashi daga Kano zuwa Umara, bayan an samu ƙwayar Tramadol a wata jaka mai ɗauke da sunanta. Binciken NDLEA ya gano cewa wasu ma’aikata a filin jirgin Kano ne suka liƙa sunanta a jakar da ba ta san da ita ba. Sai a ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta, bayan wata huɗu a tsare, a ƙasar da hukuncin safarar ƙwaya kan kai ga kisa. Darasin a fili yake: kafin barin tebur, matafiyi ya ƙirga ’yan takardun shaidar kaya da aka ba shi, ya tabbatar sun yi daidai da jakunkunan da ya miƙa. Wanda bai miƙa ko ɗaya ba, ya nemi ma’aikacin ya tabbatar masa babu wata jaka da aka rubuta da sunansa.

A sararin sama

Daga Abuja akwai jirage kai-tsaye zuwa Landan da Istanbul da Alƙahira da Adis Ababa da Doha, kuma ta waɗannan biranen ake bi zuwa sauran duniya. Tafiyar Landan awa shida ce da ɗoriya. Jirgi yakan lula sama da kilomita goma, inda iskar cikinsa ke bushewa ƙwarai, don haka yawan shan ruwa ya fi shayi da gahawa amfani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa zama wuri ɗaya fiye da awa huɗu yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa. Miƙewa lokaci-lokaci da motsa ƙafafu suna rage shi. Musulmi matafiyi yana da rangwamen ƙasaru da haɗa salloli, kuma ana iya neman abincin halal tun lokacin sayen tikiti.

Agogo ma yana yaudara. Istanbul da Adis Ababa da Doha suna gaban Najeriya da awa biyu. Landan tana daidai da Abuja a lokacin bazararsu, ta koma baya da awa guda a lokacin sanyi. Duk lokacin da ke kan tikiti na garin da ake ciki ne, kuma wanda ya yi barci a zauren jira da agogon gida a hannunsa yana iya farkawa ya tarar an rufe ƙofa.

Saukar jirgi ba ita ce ƙarshen bincike ba. Biza izinin zuwa bakin ƙofa ce kawai, jami’in shige da fice na ƙasar da aka je shi ke da ikon buɗewa ko rufewa. Zai maimaita tambayoyin da aka yi a Abuja, yana iya neman ganin tikitin dawowa da adireshin masauki. Sai ya buga hatimi sannan mai jakar goyo zai ga ribar ƙarancin kayansa: yayin da sauran fasinjoji ke tsaye suna jiran akwatuna, shi ya riga ya fita neman motar shiga gari. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, amma a wannan zamani sai wanda ya yi tambaya tun yana gida, ya kuma yi sammako, ke kaiwa ga mabuɗin.