Ruwan da ke cin gida daga gindi

Duk wanda ya taso a Rano ko Kibiya ya san yadda gari yake zama idan marka ta kankama a watan Agusta. Kwana biyu, kwana uku, ba a ga rana ba. Itace ya jiƙe, tuwo ya ƙi dahuwa da wuri, sai kuma cikin dare ka ji "rim!" daga wani lungu, a yi ta salati. Katangar wani ce ta zube.

Mutanenmu da an ce ambaliya sai hankalinsu ya tafi Tiga. Suna da hujja. Madatsar da aka gina a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Audu Baƙo, tana nan kusa da mu, kuma dattawa ba su manta da fashewar madatsar Bagauda a Agustan 1988 ba. A 2001 ruwan da ya tumbatso daga Tiga da Challawa ya raba dubban mutane da muhallansu a Kano da Jigawa. Sannan ga abin da kowa ya gani a waya a Satumbar 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle ta shafe unguwannin Maiduguri. Amma ruwan Tiga arewa yake nufa, ya bi ta Wudil ya gangara Haɗeja. Ruwan da ya fi yi wa mutumin Rurum ko Tarai ɓarna shi ne wanda ya zuba a kan soronsa, ya rasa hanyar fita, ya kwanta a gindin bango. Ruwan da ya dake ka ai shi ne ruwa.

Ginin ƙasa ba ya tsoron ruwan da ya taɓa shi ya wuce. Wanda ya zauna shi ne abokin gabarsa. Ƙasa tana tsotsar ruwa ta yi sama da shi, kamar yadda lagwani yake jan kananzir. Je ka dubi katanga bayan kwana biyu na marka, za ka ga gindinta ya yi duhu har wajen gwiwa, ka danna yatsa ya nutse. A daidai lokacin kuma rufin soro ya sha ruwa ya ƙara nauyi, azara tana dannowa. Sama ya yi nauyi, ƙasa ta yi laushi, me ya rage? Gini yakan yi gargaɗi kafin ya faɗi: ƙofa ta fara ƙin rufuwa, ƙasa tana zubowa daga rufi kaɗan-kaɗan, tsaga ta bayyana a kusurwa tana faɗaɗa. Ɗakin da ya nuna ɗaya daga cikin waɗannan ba wurin kwana ba ne a daren nan, ko da za a takura a zaure ko a gidan maƙwabci.

Magina na da sun san wannan sarai. Shi ya sa suke yaɓe da makuba, suke sa indararo mai tsawo da zai watsa ruwa nesa da bango, suke tayar da dakali a gindin katanga. Yau sai ka ga an sa kwano ba a bar masa baki ba, ruwansa na zuba daidai tushen ginin da yake rufewa.

A yankunan sanyi irin su Kanada da Alaska da Saiberiya, ambaliyarsu takan zo ne idan sanyi ya wuce, ƙanƙarar da ta rufe kogi ta farfashe, manyan ɓaraguzanta su cushe a wata kwana su tare ruwa, ya koma baya ya hau gari. Haka Kogin Lena ya yi wa garin Lensk a Rasha a 2001. Mu ba mu da ƙanƙara, amma toshewar iri ɗaya ce. A Haɗeja ciyawar kachala ce take shaƙe hanyoyin ruwa. A nan kuwa leda ce da yashi da karan dawa suke cika kwalbati, sai kuma kududdufan da aka cike aka yanka filaye, alhali nan ne ruwan unguwa yake sauka tun kaka da kakanni. Ruwa bai san takardar fili ba.

Saboda haka aikin na bazara ne, tun kafin ruwan shuka. A yashe rariya, a tabbata tsakar gida ta karkata zuwa waje, a yi aikin gayya a kan kwalbatin unguwa. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA kuma ta biyo da jerin ƙananan hukumomin da take ganin ruwa zai taɓa, ana kuma karantawa a rediyo da Hausa. Buhunan hatsi da na taki a ɗora su a kan katako ko duwatsu, kada su taɓa daɓe. Takardar gona, katin zaɓe, takardun makarantar yara, a ƙulle su a leda biyu a rataye. A kuma yi magana da baki, tun ana zaune lafiya: in ruwa ya shigo da dare, wa zai ɗauki Inna tsohuwa, wa zai kwance awaki daga turke, gidan wa za a nufa a kan tudu.

Rafin da ya kawo kuwa a bar shi ya sauka. Ruwa mai gudu da bai kai gwiwa ba yana kayar da ƙato, balle mai babur da buhu a baya yana sauri ya ci kasuwa.

Abin da aka fi sakaci da shi yana zuwa ne bayan ruwa ya janye. Masai ya cika ya tumbatsa, ruwansa ya bi ƙasa ya shiga rijiya, rijiyar kuma ta ɗan kwanta ta yi garau kamar ba komai. Daga nan amai da gudawa ke tashi. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta. Sai an tafasa ruwan ko an sa masa maganin kulorin. Yaron da ya fara gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ana ba shi ana kan hanyar asibiti. Macizai ma sun rasa ramukansu, don haka a bubbuga tarin kara da sanda kafin a sa hannu. Sauro kuma yana nan tafe cikin mako biyu.

Wanda gidansa ya rushe ya kai rahoto wurin mai unguwa, ya ɗauki hoto, domin ta hannun dagatai da ƙaramar hukuma ne sunaye suke isa hukumomin agajin gaggawa na SEMA da NEMA. Tallafin yakan makara, ba ya kuma tayar da gida. Kada gaggawa ta sa a ɗora sabon tubali a kan jiƙaƙƙen tushe. A jira kaka ta wuce, ƙasa ta bushe. Ƙasar Rano ba ta rasa dutse ba. Ko layi uku na dutse da siminti aka fara yi kafin a ɗora tubali, ruwan baɗi zai tarar da abin da ba zai iya tsotsa ba.