Me Ya Sa Fayil Ke Maƙalewa a Bayan Rauta?

'Yan uwa ɗalibai, da yawa daga cikinmu mun taɓa zuba wa waya ko kwamfuta ido tana juyi, can sai ta rubuto "Connection timed out". Ma'anarsa dai na'urarka ta yi sallama, ta jira amsa na wasu daƙiƙoƙi, ba wanda ya amsa, sai ta haƙura. Galibi mukan ɗora laifin kan sabis, amma idan fayil ne ake karɓa kai tsaye daga na'urar wani, sau da yawa sabis ɗin lafiyarsa ƙalau.

Irin wannan musayar ita ce ta manhajojin torrent, tsarin da Bram Cohen ya fito da shi a 2001. Fayil ɗin ba ya zuwa daga rumbu guda. Kowa na karɓar gutsure daga wasu, yana kuma miƙa wa wasu. Kada a ɗauka satar fim kaɗai ake yi da shi. Ubuntu da LibreOffice suna raba manhajojinsu ta haka, kuma Kiwix na ba da Wikipedia ta Hausa da za a karanta ba tare da data ba.

To ina matsalar? Adireshin intanet na tsohon tsari, IPv4, bai wuce kimanin biliyan 4.3 ba, kuma babban rumbunsa ya ƙare tun Fabrairun 2011. Saboda haka rauta ko MiFi na gida adireshi ɗaya yake nuna wa duniya, sannan ya raba wa wayoyin cikin gida lambobin cikin gida masu farawa da 192.168. Ku ɗauke shi kamar dattijon da ke zaune a zaure. Idan yaron gida ya fita aike, dattijon ya san shi, zai bar shi ya dawo da saƙo. Amma baƙon da ya zo bai faɗi wanda yake nema ba, nan zai tsaya har ya gaji ya tafi. A torrent kuwa baƙi ne ke zuwa neman ka. Idan kai da ɗayan duk kuna bayan irin wannan zaure, kowa na jiran ɗan uwansa ya buɗe.

Maganin farko shi ne a tanadar wa baƙi ƙofa. Kowace na'ura tana da ƙofofi masu lamba har 65,535, kuma manhajar torrent tana nuna wadda take sauraro a kai. A shiga shafin rauta (adireshinsa na rubuce a jikinsa, sau da yawa 192.168.0.1 ko 192.168.8.1), a kunna UPnP, ko a rubuta lambar ƙofar da hannu a haɗa ta da adireshin kwamfutar. A duba kuma ko katangar tsaro ta Windows ta tare manhajar.

Sai dai a nan Maigatari, da Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar, kusan duk rautocinmu da layin waya suke aiki, kuma kamfanonin waya kan tara dubban masu layi a bayan wani babban zauren nasu. Ga yadda za a gane: idan adireshin waje da shafin rauta ya nuna ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to kana bayan zaure biyu, kuma makullin na biyun ba a hannunka yake ba. Buɗe ƙofa a nan ɓata lokaci ne. Gara a zaɓi fayil mai masu rabawa da yawa, domin a cikinsu za a sami masu buɗaɗɗiyar ƙofa da kai za ka iya zuwa wurinsu. Mu da ke bakin iyaka muna da ƙarin abu guda: waya kan kama layin Nijar da kanta, data ta tsaya cak. A zaɓi layin da hannu a saitin waya.

A ganinmu, abin da ya fi dacewa da aljihun ɗalibi shi ne mutum ɗaya ya sauke tsofaffin tambayoyin JAMB ko NECO, sauran su karɓa ta Xender, wanda ba ya cin data. Idan shi ma ya ƙi haɗuwa, a kashe VPN da yanayin tattalin batir, a kunna gano wuri, a matso kusa. Wasu rautocin suna da saitin da ke hana na'urorin gida ganin juna, sai a kashe shi. Idan kuma sabuwar waya ce ke tura wa tsohuwa, a mayar da waifai ɗinta daga 5 GHz zuwa 2.4, don yawancin tsofaffin wayoyi ba sa ganin na farkon.